Yini Ɗaya a Buenos Aires: Yadda Za Ka Zagaya Babban Birnin Ajantina Daga Kudu Zuwa Arewa

Buenos Aires ba birnin da ake gamawa a yini ɗaya ba ne, amma sau da yawa yini ɗayan shi ne abin da matafiyi yake da shi, musamman wanda taro ko harkar kasuwanci ta kai shi, ya samu rarar rana guda kafin jirginsa ya tashi. Cikin birnin kansa akwai mutum kimanin miliyan 3 a unguwanni 48, idan kuwa aka haɗa da garuruwan da suka manne masa, adadin yakan kai wajen miliyan 15. Wanda ya fito daga masauki ba tare da tsari ba zai ƙarar da rabin yininsa a cikin mota.

Tsarin da nake ba da shawara shi ne a fara daga tsohon dandalin da aka kafa birnin, a gangara kudu zuwa unguwannin talakawa da 'yan cirani tun rana tana sama, sannan a juya arewa inda masu hali suka koma, a ƙarasa a babban masallacin unguwar Palermo. Wannan hanya tana rage kai-komo, kuma kusan haka tarihin birnin ya gudana, domin arzikinsa ya tashi ne daga kudu ya koma arewa.

Abin da za a shirya tun kafin ranar

Mai fasfon Najeriya ko na Nijar yana buƙatar biza, kuma Ajantina tana da ofishin jakadanci a Abuja. Babu jirgin da ke tashi kai-tsaye daga ƙasashenmu, don haka yawancin matafiya kan bi ta Addis Ababa ko Istanbul, jirgin ya yada zango a Sao Paulo ta Birazil kafin ya ƙarasa. Agogon Buenos Aires yana bayan na Kano da Yamai da awa huɗu. Yanayi kuwa a birkice yake: Disamba zuwa Fabrairu lokacin zafi ne mai gumi, Yuni zuwa Agusta kuma sanyi ne da ke buƙatar rigar sanyi mai kauri. Mafi daɗin lokaci shi ne Oktoba da Nuwamba, lokacin da itatuwan jacaranda ke lulluɓe tituna da fure mai launin shuɗi-shuɗi.

Idan kana da zaɓin rana, ka guji Litinin, domin gidajen tarihi da yawa a rufe suke. Lahadi ita ce ranar babbar kasuwar titi ta San Telmo, Alhamis kuma ita ce ranar zagayen iyaye mata a dandalin Plaza de Mayo, wanda bayaninsa zai zo. Wanda ranarsa ta faɗo Juma'a sai ya juya tsarin, ya fara da unguwar Recoleta da ke arewa da safe, ya yi sallar Juma'a a Palermo, sannan ya gangaro tsakiyar gari, ya haƙura da unguwar La Boca da ke kudu idan yamma ta yi masa.

Game da kuɗi ba zan ambaci farashin komai ba, saboda a shekarar 2023 kaɗai hauhawar farashi a Ajantina ta haura kashi 200 cikin ɗari, kuma duk adadin da aka rubuta yau yana iya zama tsohon labari bayan 'yan watanni. Kuɗin ƙasar shi ne peso. Katin banki yana aiki a yawancin gidajen abinci da shaguna, amma ka riƙe 'yan kuɗi a hannu saboda masu sayar da kaya a titi. A titin Florida za ka ji 'yan canji suna kiran "cambio, cambio", kamar dai yadda aka saba ji a Wapa ta Kano, sai dai baƙo ya fi samun kwanciyar hankali a ofishin canji mai rajista, inda ba za a haɗa masa da jabu ba. Ka nemi katin SUBE, wanda da shi ake biyan kuɗin bas da na jirgin ƙarƙashin ƙasa, ka zuba masa kuɗi tun daren jiya, domin direban bas ba ya karɓar tsabar kuɗi.

Abu na ƙarshe shi ne sanin yadda ake ƙidaya tazara. An zana titunan birnin kamar gidan dara, tsakanin mahaɗa da mahaɗa kimanin mita 100 ne, ana kiran wannan tazara cuadra, kuma lambar gidaje tana ƙaruwa da ɗari a kowace mahaɗa. Idan kana lamba 200 a kan wani titi, inda za ka je kuma yana lamba 1200, ka san tafiyar kilomita ɗaya ce ke gabanka. Ka sa takalmi mai daɗin tafiya, ka ɗauki 'yar darduma mai naɗewa da kwafin fasfonka.

Mataki na farko: Plaza de Mayo, da misalin ƙarfe 8:30

Layuka uku na jirgin ƙarƙashin ƙasa, A da D da E, duk suna sauke mutum a wannan dandali ko gefensa. Idan masaukinka yana kan layin A, ka hau shi, domin an buɗe shi tun 1913, kuma shi ne irinsa na farko a duk Latin Amurka.

Sau biyu aka kafa Buenos Aires. Pedro de Mendoza ya fara a 1536, amma yunwa da yaƙi da mutanen asalin ƙasar suka sa aka watse, sai Juan de Garay ya sake kafa shi a 1580 a daidai wannan wuri. Ka tsaya a tsakiyar dandalin kusa da farar hasumiyar da ake kira Pirámide de Mayo, ka duba gefe-gefe. Farin ginin nan mai bakuna a yamma shi ne Cabildo, majalisar gari ta zamanin mulkin Sifaniya, inda a ranar 25 ga Mayu 1810 mutanen gari suka kafa gwamnatin kansu bayan sun tuɓe wakilin sarki. Daga wannan wata ne dandalin ya samu sunansa, ko da yake cikakken 'yanci sai a ranar 9 ga Yuli 1816 aka ayyana shi a garin Tucumán. A gabas kuma ga Casa Rosada, fadar shugaban ƙasa mai launin ruwan hoda, wadda daga barandarta shugaban ƙasa Juan Perón da matarsa Eva suka riƙa yi wa dubban ma'aikata jawabi, kuma a nan Maradona ya ɗaga wa jama'a kofin duniya a 1986.

Babbar majami'ar birnin tana arewacin dandalin, mai ginshiƙai goma sha biyu a gaba, har mutum zai ɗauka kotu ce. A nan Jorge Bergoglio ya yi limanci a matsayin babban bishop daga 1998 zuwa 2013, lokacin da aka zaɓe shi ya zama Paparoma Francis. Abin da ke jan mai sha'awar tarihi zuwa ciki shi ne kabarin Janar José de San Martín, wanda ya tsallaka tsaunukan Andes da rundunarsa ya 'yanto Chile da Peru. Ya rasu a Faransa a 1850, aka dawo da gawarsa a 1880, kuma har yau sojoji biyu cikin kayan zamanin da suke tsaye a kansa. Shiga kyauta ce, minti goma ya isa.

Kafin ka bar dandalin, ka dubi ƙasa. Kewaye da hasumiyar an zana fararen kallabi da fenti, kuma a ganina su ne abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa a nan. A zamanin mulkin soja na 1976 zuwa 1983, an riƙa ɗauke mutane daga gidajensu da wuraren aikinsu ba a sake jin ɗuriyarsu ba, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun ƙiyasta adadinsu da 30,000. A ranar 30 ga Afrilu 1977, mata goma sha huɗu suka zo wannan dandali suna neman a gaya musu inda 'ya'yansu suke. Doka ta hana taro, 'yan sanda suka ce su yi gaba, sai suka fara tafiya bibbiyu suna zagaya hasumiyar, tunda ba a hana tafiya ba. Farin ƙyallen da suka fara ɗaurawa a ka zanen jariri ne, don tuna 'ya'yan da suka goya. Jagorarsu, Azucena Villaflor, ita ma an ɗauke ta a Disamban wannan shekarar, kuma a 2005 aka binne tokarta a gindin hasumiyar. Har yanzu ana yin wannan zagaye kowace Alhamis da ƙarfe 3:30 na yamma. Wanda ranarsa ta zama Alhamis, na fi so ya dawo ya gani da idonsa kafin ya wuce Recoleta, ko da hakan zai gajarta masa ita.

Mataki na biyu: karin kumallo a Avenida de Mayo

Daga gefen Cabildo titin Avenida de Mayo ya miƙe har zuwa majalisar dokoki. Tafiyar mahaɗa uku za ta kai ka Café Tortoni, gidan shayin da aka kafa a 1858. Da hantsi layi yakan yi tsawo a ƙofarsa, shi ya sa ake son zuwa da wuri, idan kuma ka tarar da layin ya kai titi, kada ka ɓata lokaci, kowane gidan shayi na kusa zai ba ka abu ɗaya. Ka nemi kofi da madara tare da medialunas, wani ɗan burodi mai siffar jinjirin wata. Iri biyu ne, na man shanu, wato de manteca, da na kitse, wato de grasa, kuma na man shanun ya fi kwantar da hankalin Musulmi.

Mahaɗa biyu gaba sai ka fito kan Avenida 9 de Julio, titin da faɗinsa ya sa da wuya a tsallake shi a fitila ɗaya. Daga nan za ka hango Obelisco, hasumiya mai tsayin mita 67 da aka gina a 1936 don cikar birnin shekara 400. Hangen ya isa a yanzu, domin da dare ta fi kyau. Ka juya ka koma dandali.

Mataki na uku: San Telmo, a ƙafa

Daga kudancin dandalin ka kama titin Defensa. An sa masa wannan suna ne don tuna yadda mutanen gari suka kori sojojin Ingila da suka kawo hari a 1806 da 1807. Tunda zancen Ingila ya taso, ga gargaɗi: tsibiran da ƙasashen biyu suka yi yaƙi a kansu a 1982, a nan Malvinas ake kiransu, kuma ba zancen da baƙo zai yi wasa da shi ba ne.

Tafiyar mahaɗa goma ce zuwa dandalin Plaza Dorrego, a kan titi mai shimfiɗar duwatsu. Manyan gidajen da za ka riƙa wucewa na attajirai ne a da. A 1871 annobar shawara ta kashe mutum kusan 14,000 a birnin, masu hali suka kwashe iyalansu suka gudu arewa, gidajen kuma aka yayyanka su ɗaki-ɗaki aka ba 'yan ciranin Italiya da Sifaniya haya, iyali guda a kowane ɗaki, kowa yana girki da wanki a tsakar gida ɗaya. Ana kiran irin wannan gidan haya conventillo. Wasu daga cikinsu yanzu an mayar da su shagunan tsofaffin kaya, ana iya shiga a ga tsakar gidan ba tare da an sayi komai ba.

Akwai wani tarihi na wannan yanki da masu yi wa baƙi jagora kan wuce da sauri. A wajen 1810, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Buenos Aires baƙar fata ne, bayin da aka kwaso daga Afirka da zuriyarsu, kuma a unguwannin San Telmo da Monserrat ƙungiyoyinsu suka fi yawa, har ake kiran yankin unguwar ganga saboda kiɗan candombe. Yaƙe-yaƙe da annoba da auratayya da ambaliyar 'yan cirani daga Turai sun sa yau da wuya ka ga alamarsu a titi. Idan takardar peso 10,000 ta shigo hannunka, ka dubi matar da ke jikinta tare da Manuel Belgrano, ɗaya daga cikin jagororin yaƙin 'yanci: María Remedios del Valle ce, baƙar fata da ta yi yaƙin 'yanci har aka ba ta muƙamin kyaftin. Baƙaƙen da za ka fi gani a yau 'yan Senegal ne masu sayar da tabarau da agoguna a gefen titi, yawancinsu Musulmi, kuma sallama ɗaya takan isa su nuna maka inda ake samun abincin halal.

Ka leƙa kasuwar San Telmo mai rufin ƙarfe, wadda aka gina a 1897. Idan Lahadi ce, titin Defensa gaba ɗaya yakan zama kasuwa, kuma a cikin irin wannan cunkoso ne ake yankan aljihu, don haka jakarka ta dawo gaba. Akwai wata tsohuwar dabara da ɓarayi ke yi: wani zai watsa maka abu mai kama da kashin tsuntsu a riga, wani kuma ya taho da ƙyalle yana nuna zai taimaka ya goge, na uku ya yi gaba da jaka. Idan haka ta faru, ka ce "no, gracias" ka ci gaba da tafiya. Haka kuma kada ka tsaya a bakin titi kana latsa waya, saboda masu fizge a kan babur.

Mataki na huɗu: La Boca, kafin rana ta karkata

Kada ka tafi La Boca a ƙafa daga San Telmo, ko da taswira ta nuna maka kusa ne. Ka hau bas mai lamba 29 ko 152, ko tasi mai launin baƙi da rufi rawaya, ka sauka a Caminito. Unguwa ce ta talakawa a bakin kogin Riachuelo, inda tsohuwar tashar jiragen ruwa take, kuma 'yan ciranin Genoa ta Italiya ne suka cika ta. Da katako da kwano suka gina gidajensu, suka shafe su da ragowar fentin jiragen ruwa, shi ya sa bango ɗaya yakan ɗauki launi uku. Mai zane Benito Quinquela Martín, wanda ya tashi maraya a unguwar, shi ne ya jagoranci gyara wannan ɗan lungu aka buɗe shi a matsayin wurin baje zane a 1959.

Gaskiyar magana, Caminito ya zama kasuwar 'yan yawon buɗe ido. Masu rawar tango da masu shigar Maradona za su kira ka hoto, kuma kowane hoto da kuɗinsa, saboda haka ka tambayi farashi kafin ka ɗaga waya. Rabin awa ya isa. Ka tsaya a titunan da ke da jama'a da 'yan sanda, kada sha'awar ganin "ainihin unguwa" ta ja ka cikin lunguna, kuma ka bar yankin kafin almuru.

Tafiyar mahaɗa huɗu zuwa biyar za ta kai ka La Bombonera, filin wasan Boca Juniors da aka buɗe a 1940, ƙungiyar da aka kafa a 1905. Samun tikitin wasa yana da wuya ga wanda ba ɗan ƙungiya ba, amma akwai gidan tarihi a ƙarƙashin filin, kuma a ranakun da ba a wasa ana shiga a ga filin kansa. Ka tabbata ba ka sanye da fari mai ratsin ja ba, domin launin abokiyar gabarsu River Plate ne. A nan ne ɗan Najeriya ke samun abokan hira ba tare da ya iya Sifaniyanci ba. Sau biyar ƙasashen biyu suka haɗu a gasar kofin duniya, a 1994 da 2002 da 2010 da 2014 da 2018, duk Ajantina ta yi nasara, kuma wasan 1994 shi ne na ƙarshe da Maradona ya buga wa ƙasarsa. Idan suka fara tsokanarka, ka tuna musu wasan ƙarshe na Olamfik a Atlanta a 1996, wanda Najeriya ta ci 3 da 2, da kuma ƙwallaye biyun da Ahmed Musa ya zura musu a 2014.

Abincin rana da sallar Azahar

Azahar tana shiga wajen ƙarfe 1. Alƙibla daga Buenos Aires gabas ce da ɗan karkata zuwa arewa, kuma ka lura cewa a nan rana tsaka tana arewacinka duk shekara, don haka manhajar alƙibla ta fi dogaro da ido. Lambun Parque Lezama, da ke kan hanyar dawowa daga La Boca, yana da ciyawa da inuwar da mutum zai shimfiɗa darduma ba wanda zai dame shi. Wanda ya fi son masallaci, akwai na Al-Ahmad a titin Alberti cikin unguwar San Cristóbal, 'yan mintuna a tasi. Matafiyin da bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba yana da rangwamen ƙasaru.

Batun abinci yana buƙatar kulawa. Ajantina ƙasar naman shanu ce, gashinsu da suke kira asado ana yin sa a hankali a kan garwashi da gishiri kawai, ba yaji ba ƙuli, kuma ɗanɗanonsa ya cancanci sunan da ya yi. Sai dai yawancin naman ba yankan Musulunci ba ne, sannan a kan waya ɗaya ake gasa shi tare da chorizo, wanda ke da naman alade, da morcilla, wadda da jini ake yin ta. Mafita uku ce. Ta farko gidajen abincin Larabawa da ke da shaidar halal, waɗanda suka fi yawa a San Cristóbal da Palermo. Ta biyu gidajen abincin Yahudawa a unguwar Once, ga wanda yake cin yankansu, inda babu alade ko kaɗan. Ta uku kuma a bar nama gaba ɗaya: fiza mai albasa da cuku da ake kira fugazzeta, ko kifi, ko empanada, wato ƙullin fulawa da ake cusa wa masara ko cuku a gasa, bayan an tambayi irin kitsen da aka sa. Ka haddace kalmomi uku, "sin cerdo" ba alade, "sin jamón" ba yankakken naman cinyar alade, wanda suke sawa a kusan komai ba tare da sun ɗauke shi nama ba, da "sin alcohol" ba giya. A takardar biyan kuɗi za ka iya ganin cubierto, kuɗin zama ne a tebur, ba shi ne tukuicin mai hidima ba, wanda bisa al'ada kashi 10 cikin ɗari ne.

Mataki na biyar: Recoleta, da ƙarfe 3

Tasi ya fi a nan, domin ana rufe maƙabartar wajen ƙarfe 5. Da ka sauka za ka ga inda arzikin da ya gudu daga San Telmo ya sauka: gine-gine irin na Paris, da faffaɗan tituna, da wata ƙatuwar bishiya dangin ceɗiya a gaban ƙofar maƙabartar, wadda aka tokare rassanta don kada su karye.

An buɗe maƙabartar Recoleta a 1822, kuma baƙi suna biyan kuɗin shiga da kati. Ba ta kama da abin da muka sani da maƙabarta ba. Gari ne ƙarami mai tituna, da dubban ɗakuna na dutsen marmara, kowane dangi da nasa, ana hango akwatunan gawa ta gilashin ƙofa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shiga ba, gidan zane-zane na ƙasa, Museo Nacional de Bellas Artes, yana kusa. Yawancin masu shiga kabarin Eva Perón suke nema, kuma ba sunan Perón za ka nema ba, sunan danginta Duarte ne a jikin baƙin ginin da ke wani ɗan siririn layi. Ta rasu a 1952 tana da shekara 33, bayan ta yi fafutukar dokar 1947 da ta ba mata damar zaɓe. Da sojoji suka hamɓarar da mijinta a 1955, sai suka sace gawarta suka binne a Milan ta Italiya da sunan ƙarya, kuma sai a 1976 aka kawo ta nan, ta kwanta a tsakiyar manyan dangin da suka ƙi jininta tana raye.

Idan lokaci ya rage, tafiyar minti goma sha biyar za ta kai ka El Ateneo Grand Splendid a titin Santa Fe, gidan wasan kwaikwayo na 1919 da aka mayar kantin littattafai a 2000 ba tare da an taɓa barandunsa ba.

Mataki na shida: masallacin Palermo

Daga kusa da kantin ka hau layin D ka sauka a tashar Palermo, ka bi titin Bullrich. Cibiyar Musulunci ta Sarki Fahd, mai hasumiya biyu, an buɗe ta a 2000, Saudiyya ce ta gina a kan filin da gwamnatin Carlos Menem ta bayar, kuma tana cikin manyan masallatan Kudancin Amurka. Menem, wanda ya yi mulki daga 1989 zuwa 1999, ɗan 'yan ciranin Siriya ne. Akan tambayi shaidar mutum a ƙofa, a nan kwafin fasfo zai yi amfani, kuma akwai sashen mata. A lokacin zafi rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 8, don haka La'asar za ka samu, a lokacin sanyi kuwa Magariba tana yi wajen ƙarfe 6.

A lambunan da ke kusa za ka ga mutane zaune da filas a hammata suna zagaya wani ɗan ƙoƙo mai tsinken ƙarfe. Shi ne mate, ganye mai ɗaci da ake sha da ruwan zafi, ba ya sa maye, kuma 'yan ciranin da suka koma gida sun kai shi Siriya da Lebanon har ya zama nasu. Idan aka miƙo maka, kada ka juya tsinken, ka shanye ka mayar wa wanda ya zuba, kuma kada ka ce "gracias" sai ka ƙoshi, domin godiya a nan tana nufin a daina ba ka. Gaisuwarsu sumba ɗaya ce a kunci, har tsakanin maza. Wanda ba ya so, namiji ko mace, ya riga su dafa ƙirji da murmushi, sun fahimci hakan.

Dare

Mutanen wannan birni ba sa cin abincin dare kafin ƙarfe 9, gidajen abinci da yawa ma sai ƙarfe 8 suke buɗewa. Palermo cike take da su, har da na Larabawa da Armeniyawa, don haka ba sai ka yi nisa ba. Wasannin tango da ake shirya wa baƙi suna da tsada, rawa ce ta namiji da mace a manne, kuma yawanci da giya a tebur, kowa sai ya auna wa kansa. Wanda ƙafarsa ba ta gaji ba ya koma ta layin D ya sauka a tashar 9 de Julio, ya ga Obelisco cikin haske da gidan waƙe na Teatro Colón da aka buɗe a 1908, ko ya wuce Puerto Madero, tsohuwar tashar jiragen ruwa da aka sabunta, inda duk titunan suke ɗauke da sunayen mata, ya taka gadar Puente de la Mujer a bakin ruwa.

Komawa masauki da dare ya fi da tasin manhaja kamar Cabify ko Uber. Kafin ka kwanta, ka duba tikitinka da kyau, domin filin jirgi biyu ne: Aeroparque yana cikin gari, Ezeiza kuwa, inda jiragen Afirka da Turai ke tashi, yana da nisan sama da kilomita 30, kuma a lokacin cunkoso tafiyar takan haura awa ɗaya.